Sauke Mota Ƙasa da Kuɗi Kaɗan: Jagora ga Matasan Batsari da Safana

Kuskure ɗaya ne ke ta maimaituwa a garejojinmu, shi ya sa na ga ya kamata a rubuta wannan jagora. Matashi zai yi shekara da shekaru yana tari, ya sayi tsohuwar BMW ko Marsandi 190 ko Honda ko Golf ta Beljiyam, ya ga hoton irinta a waya ta kwanta ƙasa, taya ya shige cikin madigadi, sai ya nufi wurin mai walda a yanke masa sifirin ko a gasa shi da wuta har motar ta durƙusa. Ranar rakiyar amarya kowa na yaba ta. Kafin damina ta fita shokozoba ta zubar da mai, tayoyin gaba sun cinye ta ciki har waya ta leƙo, salansa ta tsage, wani lokaci ma kaskon baƙin mai ya fashe a kan dutse injin ya buga. Ban ɗauki sha'awar ganin mota ta yi kyau laifi ba, kuma ana iya sauke mota a ƙasarmu ta zauna lafiya. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa tsayin mota jari ne ƙayyadadde, duk santimitar da aka rage daga wani wuri aka zare ta: daga tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa, da kuma tazarar da taya ke da ita ta yin sama idan ya hau tudu. Wanda aljihunsa ba nauyi shi ya fi kowa buƙatar lissafa wannan jari kafin ya taɓa shi, don shi ne ba shi da kuɗin yin gyara sau biyu. A hanyoyinmu iyakar da nake ganin hankali zai ɗauka ita ce santimita 2 zuwa 3.

Dalilin wannan iyaka yana shimfiɗe a gaban kowa. Wanda ke zaune Batsari ko Safana bai isa ya ce ƙafar motarsa ba za ta sauka daga kwalta ba. Akwai gaisuwa a Ruma, akwai ɗaurin aure a Runka, akwai gona, akwai ranar kasuwa da ake ratsa lungu. Hanyar burji tana da gargada, manyan motocin hatsi da na itace suna barin kwari biyu da tudu a tsakiya, kuma wannan tudun na tsakiya shi ke karɓar cikin ƙaramar mota. A watan Agusta ruwa na cinye bakin kwalbati ya bar gaɓa mai kaifi. Sannan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba: waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna gefen Dajin Rugu, kowa ya san halin tsaron da aka daɗe ana fama da shi, don haka motar da ta kafe a yashi ko ta zubar da baƙin mai a daji da almuru matsalarta ta wuce ta kuɗi. Yawancin ƙananan motoci suna fitowa daga kamfani da tazarar santimita 13 zuwa 16 tsakanin cikinsu da ƙasa. A ɗauka taka tana da 15. Ka rage 3, saura 12. Mutum biyar su shiga, a sa buhu a but, ta ƙara nutsewa, abin da ya rage yana iya komawa 9 ko 10. Wanda ya rage 6 kuwa, da lodi ɗaya ya koma tsayin da ko tudun rage gudu na cikin gari sai ya goge shi.

Za a ce ai motocin tsere duk a kwance suke, kuma mota idan ta yi ƙasa ta fi riƙe hanya a kwana. Akwai gaskiya a nan: idan nauyin mota ya matso ƙasa, karkatar da take yi a kwana tana raguwa. Amma riƙon hanya yana samuwa ne matuƙar taya na manne da ƙasa, abin da ke manna shi kuwa shi ne damar da yake da ita ta yin sama da ƙasa yana bin lanƙwasar hanya. A filin tsere mai santsi kamar faranti wannan dama ba a buƙatarta da yawa. A gargada, motar da tazararta ta ƙare tana dukan ƙarfe da ƙarfe, taya ya yi tsalle, a daidai lokacin kuwa ba birki ba sitiyari. Shi ya sa masu tseren daji ɗaga mota suke yi. Peugeot 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma abin da ya sa iyayenmu suka amince da ita har ƙauye shi ne doguwar ƙafarta mai haɗiye rami. Ita kanta BMW takan sa wa motocin da za ta kai ƙasashe masu munanan hanyoyi ƙafa ta daban wadda ta fi tsayi. Idan masu ƙera motar sun ga hanya irin tamu ta cancanci ƙari, mai son ragi sai ya yi shi da awo.

Kayan aiki

- Tef ɗin awo, alli ko maka, da takardar rubuta lamba
- Jak mai kyau, da ƙafafun ƙarfe biyu na ɗora mota, ko kututturen itace mai kauri kuma lafiyayye
- Abin matse sifirin, guda biyu, wanda zarensa bai cinye ba
- Sufana da soket daidai da notocin motar
- Man sassauta tsatsa da buroshin waya
- Siririyar igiyar roba mai haƙora, irin wadda ake ɗaure wayoyi da ita
- Injin yankan ƙarfe mai faifai da gilashin kare ido, idan har ta kai ga yanka
- Daɓe mai ƙarfi wanda ba shi da gangara

Bulon siminti ba ya cikin wannan jeri, kuma da gangan na cire shi. Bulo ba ya gargaɗi, marmashewa yake yi lokaci guda da mutum a ƙarƙashi. Haka nan igiya ko wayar ɗaure sifirin ba ta maye gurbin abin matsewa. Sifirin da ke ɗauke da gaban mota yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo, idan ya kuɓuce yana karya muƙamuƙi, yana ma iya kisa. Wanda ba shi da abin matsewa ya ara ko ya biya bakaniken da ke da shi.

1. Auna motar kafin ka taɓa ko noti ɗaya

A tsayar da ita a daɓe, iskar tayoyi daidai, tanki rabi, but babu kaya. A auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a ƙafafu huɗu, a rubuta. Ana farawa daga tsakiyar wili ne domin iskar taya da cinyewarsa ba sa shafar wannan awo, saɓanin awo daga ƙasa. Sai a leƙa ƙarƙashi a nemo abin da ya fi kowa kusa da ƙasa, ko kaskon baƙin mai ne, ko mahaɗar salansa, ko ƙarfen da inji ke zaune a kai, a auna shi ma. Sau da yawa a nan ake gano cewa motar da ta shekara ashirin ta riga ta sauka da kanta, sifirin ya gaji, wani ɓangaren ma ya fi wani nutsewa. Idan hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, akwai ciwon da ya kamata a fara nemowa.

2. Gano tazarar da kake amfani da ita a hanyarka

Wannan matakin kusan ba wanda ke yin sa, alhali kusan kyauta ne kuma shi ke yanke hukunci. A ɗaga mota, a ture robar da ke rufe sandar shokozoba mai ƙyalli, a ɗaura igiyar robar nan a jikin sandar, a zame ta ƙasa har ta taɓa bakin shokozoba. A sauke motar, a ɗauki mutanen da aka saba ɗauka, a bi hanyar da aka saba bi da gudun da aka saba. Duk lokacin da taya ya yi sama, bakin shokozoba zai tura igiyar sama ta tsaya a can. Idan aka dawo aka duba, inda igiyar ta tsaya shi ne iyakar da ƙafar ta kai. Idan ta riga ta dangana da robar tsayawa da ke can sama, motar ba ta da ko santimita ɗaya ta bayarwa a wannan hanya, maganar sauke ta ta ƙare. Idan akwai saura, wannan sauran shi ne jarinka, kuma ba a cinye shi duka.

3. Gyara abin da ya mutu tukuna

Kuɗin farko na shokozoba ne da bushin da boljoyin da tayarod da robar saman shokozoba. Wannan shi ne wurin da matasa ke jin ana ɓata musu lokaci, don gyaran bushin ba ya fitowa a hoto. Amma a duba yadda abin ke aiki. Sifirin ɗaukar nauyi yake yi, shokozoba kuma ita ke hana shi ci gaba da lilo. Idan aka rage tsayi, sifirin ya ƙara tauri, tazara ta ragu, aikin shokozoba ya ninka. Wadda dama ta gaji ba za ta yi wata uku ba. Alamominta sanannu ne: jiƙewar mai a jikinta, mota ta yi ta lilo bayan an danna ta an saki, taya ya cinye tsalle-tsalle kamar an sassaƙe shi. Shokozobar Beljiyam mai kyau daga kasuwa irin ta Kofar Ruwa a Kano ta fi sabuwa mara asali, amma a gwada ta da hannu: a danna sandar, a ja ta, a ji tana turjiya daga farko har ƙarshe babu wurin da ta yi sako-sako. Idan kuɗin ya ƙare a wannan mataki, a tsaya nan. Motar da aka gyara wa ƙafa tana zama daram, tafiyarta ma tana canzawa, kuma ba a yi asarar komai ba.

4. Zaɓi hanyar saukewa, daga mafi sauƙin haɗari

Hanya ta farko kyauta ce. Motoci da yawa da suka yi hannu biyu ko uku a Najeriya an riga an ɗaga su, an cusa roba mai kauri ko ƙarfe a saman sifirin don lodi. Cire wannan kaɗai yana mayar da mota tsayinta na kamfani, wanda ga mutane da yawa shi ne kyan da suke nema. Ta biyu ta masu Marsandi ce. Marsandi 190 da 'yan uwanta na wancan zamani suna da robar zama a saman sifirin gaba wadda kamfani ya yi kauri huɗu, milimita 8 da 13 da 18 da 23, ana gane su da yawan 'yan ƙulle-ƙullen da ke bakinsu, daga ɗaya zuwa huɗu. Sauya mai kauri da siririya yana sauke gaban motar ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Sai dai sifirin gaban Marsandi dogo ne mai tsananin ƙarfi, da abin matsewa na musamman mai shiga ta cikinsa ake cire shi, wannan aikin gwani ne. Ta uku ita ce neman sifirin da kamfanin ya yi wa samfurin wasa na motar, kamar na Golf GTI ga mai Golf 3, ko na ƙafar wasa ta BMW E46 wanda ke sauke ta kusan santimita ɗaya da rabi. Wannan ya fi kwanta mini a rai ga mai ƙaramin ƙarfi, domin injiniyoyin da suka ƙera motar ne suka lissafa taurinsa. Ta huɗu ita ce sifirin saukewa na kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus, waɗanda ƙananansu ke rage santimita 3 ko kusa da haka. Idan aka samu na hannu, a tabbatar da lambar da ke jikinsa ta wannan motar ce da wannan injin, don Golf mai injin dizal ta fi mai fetur nauyin gaba. A sayi huɗun tare, a ƙi duk wanda tsatsa ta yi wa rami.

5. Idan ta kai ga yanka

Na san duk abin da za a faɗa wasu sai sun yanke, don haka gara su san abin da ke faruwa. Taurin sifirin ya danganta da kaurin ƙarfensa, da faɗin zagayensa, da yawan zoben da ke aiki. Rage zobe yana ƙara tauri. Sifirin mai zobe 8 masu aiki idan aka cire ɗaya taurinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin ɗari. Masu yanka suna kafa hujja da wannan, suna cewa ai ya ƙara ƙarfi. To a kwatanta da abin da aka rasa. Idan ƙafar tana da tazarar santimita 8 aka sauke ta 3, an rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na tazarar, ƙarin taurin kuwa kashi ɗaya cikin bakwai ne kawai. Ƙarin bai biya ragin ba, shi ya sa motar da aka yanke wa sifirin ke dukan ƙasa a ramin da da take haɗiyewa. Sifirin saukewa na gaskiya an yi shi ne da taurin da zai cike wannan giɓi, bambancinsu ke nan.

Sannan akwai sifirin da ba ya yankuwa ko kaɗan. A dubi bakinsa. Idan an niƙe bakin ya zama shimfiɗaɗɗe, ko zoben ƙarshe ya tsuke ya fi sauran ƙanƙanta, yanka zai hana shi zama a mazauninsa, sai a haƙura. Wanda zobensa ya tafi da faɗi ɗaya ya ƙare kamar an datse shi, shi kaɗai ne ke karɓar yanka, kuma ta wannan bakin. A sa alama da alli a wuri ɗaya a na hagu da na dama, a cire kwata na zobe, a mayar, a auna, a sake idan da buƙata, kada jimilla ta wuce rabin zobe zuwa ɗaya. Mai tsohuwar Honda Accord ko tsohuwar Civic ya ƙara hattara, domin ƙafar gabansu mai hannu biyu ce, sifirin yana zaune can ciki da taya, don haka ɗan abin da aka rage a sifirin yana fitowa da yawa a wili. A yanka da faifai a hankali, ana tsayawa ƙarfen ya huce, a goge kaifin, a shafa fenti don tsatsa. Wutar walda kuwa kada ta kusanci sifirin, ko don yanka ko don gasawa. Ƙarfen sifirin an dafa shi an tsoma an sake ɗumama shi da ƙayyadadden zafi kafin ya samu halin lanƙwasa ya dawo. Idan ya yi ja a wutar kabaid wannan halin ya tafi, zai ci gaba da nutsewa ba daidai ba, ko ya karye a inda zafin ya tsaya, kuma karyayyen sifirin gaba a gefen taya yake. Masu cewa sun gasa kuma ba abin da ya faru suna magana ne a kan watannin farko. Araha ba ta ado.

6. Mayarwa

A mayar da robar tsayawa da robar kare ƙura. Jefar da robar tsayawa don a samu tazara kuskure ne babba, ita ce ke hana shokozoba fashewa daga ciki. Idan ta yi tsawo a rage kaɗan daga gefenta mai tauri. Bakin sifirin ya zauna daidai cikin gurbinsa na sama da na ƙasa. Kafin a sauke mota, a bar taya na reto a kama sifirin a girgiza. Idan yana motsi ya yi gajarta, zai iya fita daga mazauninsa ranar da motar ta yi tsalle a kwalbati, wannan kuma ba shi da magani sai canji. Notocin da ke ratsa bushin kada a ɗaure su tamau sai nauyin motar ya sauka a kan tayoyinta. Robar bushin murɗawa take yi, idan aka ɗaure ta taya na reto, da zarar an sauke motar ta riga ta murɗe, cikin ɗan lokaci sai ta tsage. A ƙarshe a juya sitiyari iyaka hagu da dama, a tabbatar tiyon birki da wayar ABS ba su miƙe ba kuma ba sa gogar komai.

7. Saitin ƙafa, fitila da taya

A yi kwana uku ko huɗu ana tafiya a hankali sifirin ya zauna, a sake awon farko, sannan a kai ta saitin ƙafa wurin masu na'ura, ko da sai an je Katsina. Kuɗin wannan a ware shi tun kafin a fara aiki. Sauke mota yana sa kan tayoyi ya karkata ciki, yana kuma canza inda bakinsu ke kallo, wannan na biyun shi ne ke cinye sabon taya cikin makonni. Fitilun gaba ma a sake saita su a jikin bango, musamman idan gaba da baya ba su sauka daidai ba, don kada a kashe wa mai babur ido da dare. Game da taya, sha'awar babban wili da siririn taya ita ce ke ƙarasa abin da yanka ya fara. Taya mai lamba 195/65 R15 yana da gefe mai tsayin kusan milimita 127, mai 205/55 R16 yana da 113, mai 225/40 R18 kuwa 90 kawai. Wannan gefen shi ne matashin farko da ke tare duka kafin ya kai ga wili da sifirin, kuma mai faci a ƙauye ba shi da maganin wilin alminiyon da ya tsage. Wanda ya sauke motarsa ya bar mata tayanta mai kauri. Idan na Beljiyam zai saya ya karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke gefensa, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi shi.

Saura abu ɗaya da ya fi sitika da fitilar ado amfani: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4 a ƙarƙashin kaskon baƙin mai. A nan ne mai walda ke da aikin yi. A ɗaure farantin da noti a jikin ƙarfen da inji ke zaune a kai, kada a jikin kaskon kansa, a bar ɗan yatsa tsakaninsu, a lanƙwasa bakinsa na gaba sama don ya zame a kan dutse maimakon ya kama shi, a huda wurin notin juye mai. Bayan ruwan farko na damina a sake ɗaura igiyar robar nan a sandar shokozoba a bi hanyar gida da lodi. Idan ta dangana da robar tsayawa, a mayar da tsohon sifirin, shi ya sa ake ajiye shi a shafe da mai, ba a sayar wa 'yan gwangwan.